Kolla-Ansible a ofishinmu na Garwa, arewacin Kamaru

Duk ma'aikatar da ke son ajiye bayananta a kan injunanta ta hanyar OpenStack (manhajar da ke haɗa injunan ma'aikata su zama girgijen kwamfuta nata na kanta), ba tare da dogaro da sabobin ƙasashen waje ba, ina ba ta shawarar Kolla-Ansible, kayan aikin da ke girka OpenStack cikin kwantenoni, wato keɓaɓɓun ƙunsoshin manhaja. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne matakin prechecks, wanda ke duba kowace na'ura ta SSH (amintacciyar hanyar shiga na'ura daga nesa) kafin a girka sassan OpenStack irin su Keystone, Nova da Neutron cikin kwantenoni. Sai dai fayil ɗin globals.yml, inda ake rubuta saitunan aikin, yana buƙatar natsuwa sosai, domin kuskure a sunan katin sadarwa kaɗai ya isa ya tsayar da aikin. Saboda raunin intanet a arewacin Kamaru, wajibi ne a tanadi ma'ajiyar kwantenonin Docker (manhajar da ke tafiyar da kwantenonin) a cikin ofis tun farko.