Borrow da lend: wa ke karɓa, wa ke bayarwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa malamin Turanci ya ja wa ɗanka jan biro a ƙarƙashin "borrow me your pen", alhali haka kowa ke faɗa. Malamin na da gaskiya. Yaron kuma Hausarsa ce ta bi shi har cikin aji.

Mu kalma ɗaya gare mu, wutsiyarta kawai muke juyawa: na ari biro, na aro biro, na ara masa biro. Bature kuwa raba aikin ya yi gida biyu. Borrow ta mai miƙa hannu ya karɓa ce, shi ya sa from ke bin ta. Lend ta mai cirowa daga aljihunsa ya bayar ce. Don haka "lend me your pen" ya kamata yaron ya rubuta.

Asalinsu ne ya fi burge ni. Borrow ta fito daga borgian, a tsohon Turancin da ake yi a Ingila kafin shekara ta 1100. Tushenta borg, wato jingina, ko mutumin da ya tsaya maka. To, wa ke ajiye jingina in ba mai karɓa ba? Ka riƙe wannan, ba za ka sake cakuɗa su ba. Lend kuma daga lænan take, da farko ko harafin d ba ta da shi, daga baya ya liƙe mata. Loan, wato bashi, 'yar'uwarta ce, an samo ta daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila. Abin dariya, borgen ta Jamusanci, wadda tushensu ɗaya da borrow, tana ɗaukar ma'ana biyun kamar dai ara tamu.

Akwai kuma inda Hausa ta fi tsefewa. Maƙwabciya ta aiko yarinya a ba ta turmi, wannan aro ne, turmin nan dai zai dawo. In ta aiko neman mudun gero, rance ne, don za a daka a ci, wani geron za ta auno ta biya. Turanci bai damu da wannan ba, turmi da gero da kuɗin banki duk borrow ne.

A kasuwa ka ce "borrow me", za a gane ka sarai. A takardar jarrabawar WAEC dai asarar maki za ka yi.