Hattara da masu tallar "mahaɗin" rumbun bayanai

'Yan'uwa masu rubuta ƙa'idoji a manhajar tsakiya (wato manhajar da ke haɗa sauran manhajoji su riƙa musayar bayanai), ko a Drools (manhajar gudanar da ƙa'idoji) kuke aiki ko a ESQL, harshen rubuta umarni na IBM, ku yi kaffa-kaffa da wasu mutane da ke turo saƙo suna cewa suna da mahaɗi na musamman wanda zai sa ƙa'idarku ta janyo bayanai daga rumbun da ke waje cikin minti kaɗan. Sun san inda ke yi mana ƙaiƙayi: ƙa'ida tana buƙatar duba sunan abokin ciniki ko ragowar kuɗinsa a wani rumbu, haɗin ya ƙi, shugaba kuma yana jiran aiki.

Ga yadda suke yi. Za su turo fayil mai ƙarewa da .jar, su ce a saka shi a saba, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta. Daga nan sai su ce domin gwaji suna buƙatar suna da kalmar sirri ta babban mai kula da rumbun, wato asusun "root" a rumbun MySQL, ko "postgres" a PostgreSQL, ko "sa" a SQL Server, kuma a buɗe musu ƙofar shiga rumbun, mai lamba 3306 ko 5432 ko 1433, zuwa intanet "na ɗan lokaci". Da zarar an ba su, an gama. Su kwashe teburan gaba ɗaya, wani lokaci su share na asali su bar saƙon neman kuɗin fansa. Ba sabon abu ba ne, a farkon 2017 an yi wa dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe irin wannan ta'asa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kayan da suke sayarwa kyauta ake samunsu. Direban JDBC (ƙaramar manhajar da ke haɗa shirin Java da rumbu) na PostgreSQL da na MySQL suna nan a shafukan masu su, ba a biyan ko sisi. ESQL kuwa yana magana da rumbu ta ODBC, wata hanyar haɗin daban, kuma manhajar IBM ɗin ta zo da nata direbobin. A Drools, ana iya ɗauko bayanan tukuna a miƙa wa ƙa'ida, ko a kira su da kalmar from. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman mabuɗin gida gaba ɗaya. Asusu ɗaya mai izinin SELECT, wato na karanta bayanai, a kan teburin da ake so kawai ya wadatar, kuma manhajar tsakiya da rumbun su yi magana ta cikin gida, babu dalilin buɗe ƙofa ga duniya.

Wanda ya riga ya miƙa musu kalmar sirri, don Allah kada ya jira gobe. Ya canza ta yanzu, ya rufe ƙofar, ya cire fayil ɗin, ya binciki jerin asusun rumbun ko sun ƙirƙiri wani sabo a ɓoye, domin sukan bar wa kansu hanyar dawowa. Sannan ya sanar da mai kula da tsaro a wurin aikinsa, tunda bayanan mutane ne aka taɓa.