Kafin ka sayi fom ɗin mastas a Tarihi, Hausa ko Larabci, tsaya mu yi lissafi

Wani ƙanena da ya gama bautar ƙasa ya same ni a gida nan Bauchi yace, "Yaya, fom ɗin ina zan saya, BUK ta Kano ko jami'ar nan kusa ta Gadau?" Tarihi ya karanta. Nace masa tukunna dai, me kake so takardar ta yi maka? Shiru ya yi, kuma wallahi da yawanmu haka muka shiga harkar nan, mun ga abokai sun sayi fom muma muka bi sahu.

Ba kowane karatun gaba da digiri bane iri ɗaya, nan mutane suke fara yin asara. Akwai PGD, wato babbar difloma, wadda galibi shekara ɗaya ce, an yi ta ne don wanda sakamakonsa bai kai 2:2 ba ko mai HND ko mai son sauya fanni, gada ce kawai zuwa mastas. Sai mastas ɗin kansa, shi ma kala biyu ne. Akwai M.A. na bincike wanda zaka yi kwas sannan ka rubuta kundi ka kare shi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a, akwai kuma na ma'aikata da ake yi Juma'a da Asabar, irin su sasanta rikici da hulɗar ƙasa da ƙasa, kuɗinsa yafi yawa amma yafi saurin ƙarewa. Matsalar itace jami'o'i da yawa basa karɓar na ma'aikatan nan kai tsaye in kazo neman PhD. In ƙarin girma kake nema a ma'aikata to ya wadatar, amma in burinka koyarwa ne a jami'a ko kwalejin ilimi kar ka kuskura, na bincike zaka yi, kuma ka dage makinka ya kai 3.5 cikin 5 don yawanci shi ake nema a PhD, wanda bai kai ba sai a ce ya bi ta M.Phil., wato digirin bincike dake tsakanin mastas da PhD. Mai son koyarwa a sakandare kuma da bai karanta ilimi ba, PGDE, wato babbar difloma ta koyarwa, ya fi masa amfani akan mastas, har cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) tana yi.

To sai maganar wuri. ATBU, wato Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta nan Bauchi, dai jami'ar fasaha ce tun kafa ta a 1980, ƙarfinta injiniyanci ne da kimiyya, ba nan ɗan adabi zai fara dosa ba. Na kusa da mu sune jami'ar jiha ta Gadau da aka buɗe a 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, da Jami'ar Jihar Gombe ta 2004, da ta tarayya dake Kashere itama ta 2011. Amfaninsu a fili yake, kana kwana a gidanka ko kusa dashi, baka bar aiki ba, kuɗin mota bai cinye ka ba. Sai dai ka taka da ƙafarka zuwa sashen ka tambaya ko kwas ɗin yana gudana a wannan zangon da kuma malamai nawa ne zasu iya duba kundi a ɓangaren da kake so, don sabuwar jami'a sashe ɗaya zai iya yin ƙarfi na kusa dashi kuma malamansa na aro ne.

Tsofaffin kuwa abin da kake saya a wurinsu shine kayan aiki da dattawan malamai. Ɗan Tarihi da zai yi rubutu akan masarautar Bauchi zamanin Malam Yakubu, ko Gombe ta Buba Yero, ko yaƙin Bormi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ko a ina ya yi rajista dole ƙafarsa ta taka Kaduna, can ne gidan adana takardu na ƙasa yake da rahotannin Razdan da Di'o na lardin Bauchi, ga kuma Arewa House, cibiyar binciken tarihi dake ƙarƙashin ABU ta Zariya. Shi yasa Zariya take da sauƙi ga irin wannan binciken. Hausa da Larabci kuma BUK ta yi suna, tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya tun da daɗewa, haka Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUS) a Sakkwato in rubuce-rubucen masu jihadi ne a ranka, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu a garin. Mai son Ingilishi ko wasan kwaikwayo ya duba Jos, tafiyar kamar awa biyu ce daga Bauchi, Maiduguri kuma ga Fulatanci da Barbarci. Abin da ke min ciwo ma shine harsunanmu na nan, Zaar da Bolanci da Tangale da Tera da Waja da Jaranci, ga su a ƙofar gida ana neman masu nazarinsu amma kowa sai ya tafi maimaita batun da aka rubuta sau ashirin.

Amma duk wannan a ganina bai kai zaɓen sufabaiza, wato malamin da zai duba maka kundi, muhimmanci ba. Ni na yi nawa a wata jami'a, kwas muka gama cikin shekara ɗaya lafiya lau, sai babi na uku ya kwanta a teburin malamina wata bakwai saboda ɗalibai sun masa yawa ga kuma muƙami da aka ɗora masa, karatun da aka ce zango huɗu ne ya kai ni shekara huɗu ina ta sabunta rajista duk shekara. Don haka kafin ka biya ko sisi nemi ɗaliban sashen da suke kan rubutu yanzu, ba waɗanda suka shiga jiya ba, ka tambaye su wa yake karanta aiki ya dawo dashi akan lokaci, sau nawa ake zaman kare furofozal, wato tsarin binciken da kake son yi, a shekara, 'yan ajinsu nawa suka fita. Amsarsu ta fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Lissafin kuɗi ma kar ka tsaya akan na rajista. Saka kuɗin Yankari Express ko Gombe Line zuwa da dawowa, masauki, hoton takardu, bugawa da ɗaure kundi kwafi-kwafi, da zuwa ƙauyuka hira da dattawa wanda ba a zuwa hannu rabbana. Tallafin karatu na asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, in ba a cikinsu kake ba daga aljihunka ne. Ka kuma bar wa yajin aiki gurbi, na ASUU a 2022 wata takwas ya ɗauka. NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, tana da cibiya a Bauchi da Gombe kuma ta dace da ma'aikaci ko uwar gida mai yara, sai dai karatun kai da kai ne, wanda yake buƙatar zama gaban malami zai sha wuya.

Shi ƙanen nawa da muka gama ya ce koyarwa yake so, kuma tarihin kasuwancin shanu tsakanin Gombe da Azare ne a ransa. Nace to M.A. na bincike, ya fara zuwa Gombe da Kashere ya ga malaman Tarihi ido da ido, in bai samu mai riƙe batun ba sai ya nufi Zariya. Tiranskirif kuma, wato takardar cikakken sakamakon digirinsa, nace ya nema tun wannan satin, don fitowarsa na iya ɗaukar lokaci har a rufe fom.