Hawan jinin mata: abin da na tarar a Ingila

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Masu turo min saƙo wai in aiko musu da maganin hawan jini na Turai don ya fi ƙarfi, wallahi ba haka abin yake ba, amlodipine ɗin da ake sayarwa a kemis ɗin unguwarku shi ne dai ake ba mu a nan, shi ma likitocinsu suka fi farawa da shi in baƙar fata ce ke. Kuma ba ki isa ki saya haka kawai ba sai da takardar likita, kowane magani fam 9.90, sai dai mai ciki ko wadda ba ta shekara da haihuwa ba ko wadda ta kai 60, su kyauta ne.

Inda suka fi mu shi ne awo da bibiya. In kin kai 40 ki shiga kemis za a gwada ki kyauta, in suka ga 140/90 ko sama ba za su yanke hukunci nan take ba, wata na'ura za su ɗaura miki a damtse ki tafi da ita gida ki kwana da ita tana matse ki tana rubutawa. Ganin likita kam akwai wahala, sai ki kira tun ƙarfe takwas na safe ki ji layi ya cika, wannan a gida mun fi su sauƙi in da kuɗinki.

Amma zancen masu ciki shi ya fi taɓa min zuciya. Duk zuwa awo sai ungozoma ta gwada jini ta duba fitsari, wadda ake tsoron za ta yi jijjiga, wato wadda hawan jini ke jawo wa mai ciki, a sa ta kan ƙaramin asfirin tun sati 12, a ce mata in kika ji ciwon kai mai tsanani ko ido na yi miki dishi-dishi ko fuska ta kumbura ki kira ko tsakar dare ne. Mu kuwa sai a ce ai kumburin ciki ne, bayan haihuwa kuma a ɗora mai jego kan kunun kanwa, ga magi ga gishiri, alhali gishirin da suke cewa kar a wuce a rana giram 6 ne, cokalin shayi ɗaya.

Don Allah a haɗa kuɗi a saya wa su Hajiya na'urar gwaji ta damtse, ana samun ta kamfanin Omron a manyan kemis, a riƙa rubuta lambar a littafi ana kai wa likita, kuma kar su ajiye maganin don sun ji sauƙi.