Wata takwas da sifika a cikin hular kwano a hanyar Wudil

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine 'yar tsohuwar motata a ƙofar gida, na rufe ta da tamfol, na koma kan babur. A Hotoro nake zaune, ina koyarwa a wata sakandare a Wudil, ke nan kullum sai na ci sama da kilomita 30 da safe, na maimaita da yamma. Wanda ya san hanyar ya san ta. Kana wuce Mariri, ka bar 'yan goro da cunkoson adaidaita sahu a bayanka, sai kwalta ta miƙe, daga kai sai iska sai manyan motocin da ke nufin Maiduguri. Kaɗaicin nan ne ya sa na fara tunanin me zai hana in riƙa sauraron wani abu.

Da iyafis mai waya na fara, irin wanda ake bayarwa a kwalin wayar salula. Bai yi mako biyu ba. Wayar takan maƙale a zif ɗin rigar sanyi, in na juya kai don duba baya sai ta fizgo kunne ɗaya. Na koma marar waya, mai Bluetooth, wanda ake cusa wa a kunne kamar ƙwayar gyaɗa. Sautinsa a ɗaki ba a magana, har matata ta fara sa masa ido. Amma shi da hular kwano ba sa ga maciji. Lokacin sa hular sai soson ya ture shi, lokacin cirewa kuma ya tsinko shi, in kuwa ya zauna daidai to bayan minti ashirin guringuntsin kunnenka zai fara zogi kamar an matse shi da filaya. Ƙarshensa a bakin wani gidan mai ne. Na cire hula zan biya kuɗi, na dama ya yi tsalle ya faɗa kan kwalta, ina kallo wata kurkura ta bi ta kansa. Yaron da ke zuba min mai ya ce, "Malam, sai haƙuri, ya riga mu gidan gaskiya." Dariya ma ta hana ni jin haushi.

Wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ne ya nuna min abin da nake son yin sharhi a kansa. Sifika ne guda biyu, falala-falala kamar murfin kwalbar man shafawa, haɗe da siririyar waya, da ɗan makirfo, da wani ƙaramin akwati mai maɓallai da ake maƙala wa a gefen hula ta waje. Ba a cusa komai a kunne. Ana manna sifikun ne a cikin hular, a ɗan ramin da ke saitin kunnuwa, su haɗu da waya ta Bluetooth. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don irinsu sun yi yawa a kasuwa, kusan duk zubi ɗaya ne daga Sin, sunan kan kwali ne kawai ya bambanta. Na biya abin da ya kai kuɗin maina na kusan mako biyu. Ya ce min, "Yallaɓai, wannan ko a jirgi ka sa shi sai ka ji." To, ban hau jirgi da shi ba, amma a kan babur ɗina ƙirar Boksa maganarsa rabi ce gaskiya.

Ɗaura shi ya ci min yammaci guda. Sirrin duka yana wurin saiti. In sifikar ta kauce daga ramin kunne ko da faɗin yatsa ne, rabin sautin ya tafi. Sai da na cire na mayar sau huɗu, na ƙara ɗan soso a bayan kowacce don ta matso kusa da kunne. Gam ɗin da ya zo da shi kuwa bai jure zafin watan Afrilu ba. Gumi da rana suka narkar da shi, wata rana ina tafe na ji sifikar hagu ta zamo ta sauko min kan kumatu. Da allura da zare matata ta ɗinke abin mannewar a jikin soson hular, tun daga nan bai sake motsi ba. Batirin yana kai ni kwana huɗu zuwa biyar kafin ya nemi caji, wanda a garin da wuta ke zuwa in ta ga dama ba ƙaramin abu ba ne. Ƙurar hunturu ba ta yi masa komai ba, ruwan sama ya taɓa dukan mu sau biyu bai mutu ba. Maɓallan ne ƙanana, in kana sanye da safar hannu sai ka nemi ƙara sauti ka tsallake waƙa. Makirfon kuma na cire shi gaba ɗaya, domin duk wanda ya kira ni cewa yake kamar daga cikin injin niƙa nake magana, kuma ni dama ba na son amsa waya ina tuƙi.

A cikin gari, ko in ina tafiya a hankali, sautin fes yake. Abin da na fi so shi ne kunnena a buɗe yake. Ina jin hon, ina jin jiniya, ina jin ƙarar injin babur ɗina, wanda duk mai babur ya san da kunne ake gane ko sarƙa ta saki ko lokacin canza giya ya yi. Amma da zarar allura ta haura 70, iska ce ke da magana. Kiɗa mai ganga da kalangu yana iya ratsa ta, muryar mutum ɗaya mai karatu kuwa sai ta nutse. Abin da hannu zai yi shi ne ya kai wa maɓallin ƙara sauti, kuma nan ne tarkon yake.

Na ƙure shi na kusan wata guda. Sai na lura in na iso makaranta na cire hula, kunnena yana yin wani shuu har na gama darasin farko, ɗalibai na baya in sun yi tambaya sai na ce su maimaita. Ashe ba sifikar kaɗai ba ce. Iskar da ke dukan hula a gudun kilomita 100 a awa tana haura ma'aunin ƙara na desibel 90 ita kaɗai, ko ba ka kunna komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunne zai iya ɗaukar desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai 90 to awa 4 kacal ne a mako. Ni kuwa ina yin sama da haka a kan hanya, sannan in ɗora kiɗan da dole ya fi iskar ƙarfi kafin in ji shi. Kuma jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa. Tun daga nan na yi wa kaina doka: nakan saita sautin ina tsaye a ƙofar gida, in iska ta danne shi a hanya to ta danne, ba na ƙarawa. Sai na rage gudu in ina son ji, wanda mai ma ya fi auki a haka.

Littafin sauraro ne ya ba ni mamaki, domin dominsa na sayi abin tun farko. Na taso ina jin ana karanta littattafan Hausa a rediyo, yanzu kuma ga su nan burjik a YouTube, babi-babi, mutum ya sauke a waya da daddare lokacin da data ke araha. Na ɗauka tunda murya ce a hankali, ba kiɗa ba, ai ta fi aminci. Kuskure ne. Kiɗan da ka sani yana bin bayan hankalinka ne, kamar ƙarar fanka a ɗaki. Labari kuwa gaba yake shiga ya ja ka. Idonka yana kan titi, amma kai kana can tsakar gidan da ake rigimar gado.

Wata Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Wanda ya taɓa bin hanyar ranar ya san yadda take cika da motocin shanu da masu kora dabbobi a gefen titi. Ina dab da gada, mai karatun ya kai inda za a buɗe wasiyya, ni kuma na baza kunne in ji wa aka bar wa gidan. Na ga sa, wallahi na gan shi, fari mai dogon ƙaho, ya ɓalle daga garke yana nufo kwalta. Amma tsakanin ganin da taka birki an samu wani ɗan jinkiri da ban saba da shi ba, kamar saƙon ya tsaya neman izini a hanya. Tayar baya ta ja ƙasa, babur ya karkace, na dafe da ƙafa, ƙahon ya wuce madubina da abin da bai fi kamu ɗaya ba. Wani dattijo da ke bin garken da sanda ya ƙaraso yana salati. Ya dube ni ya ce, "Yaro, barci kake yi?" Na ce, "A'a Baba, ido na biyu." Ya ce, "To ina ka tafi?" Ban iya ba shi amsa ba, don a lokacin ma mai karatun yana ta zuba a cikin hulata, ya riga ya wuce wajen wasiyyar ban ji wa aka ba ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali daga baya shi ne na kasa tuna yadda na wuce garin Gano da ke kan hanyar a ranar. Kilomita da dama sun shuɗe ban san na bi su ba. Na gwada da wa'azi da shirin tattaunawa na rediyo, duk kanwar ja ce, in dai maganar tana buƙatar a bi ta daki-daki. Ko dai ka bi maganar ka bar titi, ko ka bi titi ka yi ta mayar da babi baya.

Wani abokin aikina ya ce tsoro ne kawai ya kama ni, ai direbobin mota ma suna jin rediyo. Haka ne, amma shi direba ƙarfe ne ya kewaye shi, ni kuwa gwiwata ce bamba. Faransa ma tun 1 ga Yulin 2015 ta haramta wa duk mai tuƙi, har mai keke, sa abin ji a kunne, tarar Yuro 135, amma ta bar sifikar da ke cikin hular kwano. A nan kuwa yawancinmu hular ce ma ba ma sawa. Waɗanda suka yi wayo a 2009 sun tuna lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta matsa a kan dokar, 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. In akwai wata fa'ida da ban yi tsammani ba daga wannan na'ura, ita ce ta sa ban ƙara fita ba hula ba, ko da cefane zan je, saboda kiɗan yana ciki.

Wanda ke da hula mai rufe kunne kuma yake doguwar tafiya a buɗaɗɗiyar hanya, zan ce ya saya, ya ɗinke ta da zare tun ranar farko, ya zuba waƙoƙin da ya haddace. Mai yawo a cikin Kano tsakanin Kantin Kwari da Sabon Gari, inda adaidaita ke fitowa ta inda ba ka zata ba, kuɗinsa ya fi amfani a sabon birki da madubi. Ni yanzu ina kunnawa ne bayan na wuce Mariri, in kashe kafin gadar Wudil, ranar Juma'a kuma ba na kunnawa sam. Littafin nan na ƙarasa shi a kan tabarma bayan sallar isha'i, da iyafis ɗin hagu da kurkura ta bar min. Ƙaramar matar aka bar wa gidan.