Tsohon da ya tona wa motarsa asiri

Tun da na kama ɗan fili eka bakwai a bayan Columbus, nan jihar Ohio, na zuba awaki da tumaki saboda Somaliyawa masu zuwa sayen na yanka, ƙaramar motarmu ta shiga uku. Ciyawa a but, buhunan dusa a kujerar baya, ran nan har bunsuru ta ɗauka. Maman yara ta ce ko in nemo a-kori-kura, ko in bar mata motarta.

Hilux na fara nema mana, me ɗan Arewa ya sani in ba ita ba? Ashe ba a sayar da ita a Amurka. Tun 1964 suke da harajin kashi 25 cikin 100 a kan irin waɗannan motoci in daga waje aka kawo su, wai harajin kaza, don rigimar cinikin kaji da Turai ce ta haife shi. Akwai 'yar uwarta Tacoma, sai dai ko ta tsufa kuɗinta ba ya tsufa. Dole na koma kan Ford F-150, wadda ta cika ƙauyukan nan kamar a-daidaita-sahu a Kano, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai.

A Facebook na ga wata ƙirar 2006, mai ja da ƙafa huɗu, ta ci mil 180,000, an sa mata dala 6,000. Na tafi da shirin yaƙi, har da maganaɗisu a aljihu don gano inda aka yi ciko aka shafe da fenti.

Mai motar wani tsohon Bature ne manomi, ya haura saba'in. Muna gama gaisawa ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin motar, ya yafito ni. Na bi shi da sabuwar rigata. Ya haska tocila, ya riƙa ƙwanƙwasa shasi da sukudireba har ya kai wani wuri kusa da ƙafar baya, ya kankare, tsatsa ta zubo mini a fuska. Ya ce nan ne ciwonta: bai huda ba tukuna, amma in ban kula ba zai huda. A nan gishiri suke watsa wa titi lokacin dusar ƙanƙara, shi ke cin ƙarfe daga ƙasa, sai ka ga mota tana sheƙi a sama alhali ƙashin bayanta ya ruɓe. Muna kwance ya ci gaba da lissafi: na'urar sanyi ta mutu, gilashin baya na yoyo in an yi ruwa, tayoyin gaba sun kusa. Da muka fito ya miƙo mini fayil cike da rasit, kowane juyen baƙin mai da kwanan wata da adadin mil. Sannan ya ba ni makulli, ya ce in kai wa bakanikena ya duba, shi zai je ba shanu abinci. Ko lasisina bai nema ba.

To, a nan na yi abin kunyar. Bakanike ya ce injin da giya lafiya lau, na dawo na gyara murya na taya dala 3,000, irin yadda aka koya mana. A gida sai a ce albarka, a yi dariya, ciniki ya fara. Tsohon nan kallona kawai ya yi, ya zare fayil ɗinsa daga hannuna a hankali. Ya ce duk aibin da ya nuna mini ya riga ya cire kuɗinsa kafin ya sa farashi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai da na ba shi haƙuri muka daidaita a 5,600.

A hanyar dawowa dillalanmu nake ta tunawa. Kowace mota 'yar Kwatano wata tsohuwa ce ke hawanta zuwa kasuwa, ko daura ba ta taɓa yi da hatsari ba, ga rantsuwa kamar ruwan sama, ga mita an juya ta baya. Alhali da yawa daga nan suke tasowa, waɗanda inshora ta yafe bayan karo ko ambaliya, a yi gwanjonsu, su tsallaka teku, a yi musu kwalliya. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, kana zaune a Kano za ka iya bincika tarihinta ta waya da kuɗi kaɗan, amma mun fi yarda da ɗan dillali ya dafa ƙirji. Ban ce nan waliyyai ne ba, masu garejin saida motoci bashi za su yanka ka da kuɗin ruwa suna murmushi.

Abin da ya sa ni kewar gida gyara ne. Bakaniken nan awa yake ƙirgawa, dala 130, ko kallon motar yake yi. Kuɗin da ya yanka mini na tada na'urar sanyi ya kai na tumaki uku. Da a gida ne, in leƙa Ƙofar Ruwa in sayo na hannu, Malam ya ɗaura a gindin darbejiya muna shan shayi kafin la'asar. Har yau gilas nake saukewa.