Sharhi kan Linux Mint bayan wata uku ina aiki da ita

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, na ɗora Linux Mint, babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a tsohuwar kwamfutata, wadda ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kyauta ake samunta, kuma fuskarta ta Cinnamon ta yi kama da abin da ido ya saba gani, har da maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa. Na'urar da a da take nishi kafin ta tashi, yanzu ko fankarta ba na ji.

Sai dai a wajen ɗorawar ne na gane dalilin da ya sa yawancin mutane ba sa sauyawa. Mai sayen kwamfuta yakan tarar da Windows a kanta, ita kuwa Mint sai ka sauke ta da kanka, ka zuba ta a filashi, sannan ka yi ta danna maɓalli lokacin kunnawa har allon BIOS, wato na saitin tashin kwamfuta, ya bayyana, allon da mutane da yawa ba su taɓa gani ba, kuma ba na ganin laifinsu.

Matsala mafi nauyi ita ce ta manhajoji. Babu Photoshop, babu Microsoft Office na ɗorawa. LibreOffice, madadin Office da ke zuwa da Mint, tana buɗe takardun Word, amma wani lokaci jadawali yakan goce, kuma wanda abincinsa ke rataye da takardun ofis ba zai yi wannan kasadar ba. Wanda aikinsa bai wuce intanet da rubutu ba, to Mint ta ishe shi.